Tabawa Mai Man Kaɗe a Birnin Santsi

Ku matso ku gyara zama, ga wata nan na ɗauko muku daga nesa, ban yarda ta zube a hanya ba.

A garin Tudun Ƙwara aka wayi gari wata rana ƙasar wani gida ta daina riƙe komai. Gidan Tabawa ne, mai man kaɗe. Da hantsi ta ɗora tukunya a murhu, sai tukunya ta sulale ta yi nata wuri, duwatsun murhun ma kowanne ya kama gabansa. Turmi ya taso daga gindin rumbu yana tafe shi kaɗai kamar an aike shi. Akuya ta miƙe, ƙafafunta suka rabu, ta bi bayan turmi tana kuka. Gidan a gangare yake, saboda haka komai ya nufi bayan gida, inda wata tsohuwar kaɗanya take tsaye da kogo a gindinta.

Tabawa tana da 'ya guda, Ladingo, yarinya ce da ta fara famfara, ita kaɗai Allah ya bar mata. Tana zaune a kan buzu tana cin ɗumame, sai buzu ya ɗauke ta.

"Inna, kin ga buzu yana tafiya da ni!" Dariya ma take yi, 'yar nema.

Kafin Tabawa ta miƙa hannu, buzu ya fice ta ɓular zana, ya ƙara gudu a gangare, ya shige kogon nan da yarinya a kai. Shiru.

To, bari in gaya muku abin da ya jawo. Duk wadda ta san aikin kaɗe ta san in an dafa an kwashe mai, akwai ruwan ƙarshe da yake saura, mai zafi, mai maiƙo. Matan garin rami suke haƙa masa, kuma ba sa zubawa sai sun ce, "Bismillahi, gafara dai mutanen ɓoye." Ita kuwa Tabawa mace ce mai sauri, kullum kamar ana kiranta a wani wuri. Ta gano kogon kaɗanyar nan yana shanye ruwa ba ya barin taɓo, shi ke nan ta mai da shi wurin zubawa, ba sallama ba gafara. Maƙwabciyarta Gwaggo Yalwa ta yi magana har bakinta ya gaji. Tabawa takan ce, "Gwaggo, in da mutane a ciki ai da sun yi tari."

Ranar nan ba ta tsaya kuka ba. Ta rarumi taɓarya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta rungumi ƙwarya cike da ƙwarar kaɗanya da dutsen da take fasa ta da shi, don su ne kusa da ita. Ta zauna a ƙasa, ta tokari dogarin ƙofa da ƙafa, ta bi 'yarta.

Ta daɗe tana gangarawa cikin duhu, ƙamshin man kaɗe ya cika mata hanci, har ta faɗo cikin wani tarin ganye a bakin wani fili. Filin nan ba ciyawa, ba tsakuwa, sai sheƙi yake kamar bayan sabuwar tasa, sama kuma saiwoyin itatuwa ne suke reto suna ba da haske kore. Can nesa ta hango ganuwar wani birni.

Ta miƙe za ta ruga, sai ta ga ƙafafunta suna ta aiki amma ita tana nan inda take. Ta yi rarrafe, haka. Ta yi jan ciki, haka. Ta kafa taɓarya za ta tura kanta, taɓarya ta zame ta kusa fasa mata baki.

Sai ta ji dariya daga sama. Wani ɗan aljani ne, tsawonsa bai wuce muciya ba, ya naɗe wutsiyarsa a saiwa yana lilo, kansa a ƙasa.

"Sannu da rawa, bil'adama! Wane kiɗi kike ji da mu ba mu ji?"

"Kai ɗan wane ne? Ka ga wata yarinya a kan buzu?"

"Sunana Tsirit. Yarinya kam na gani, ta wuce kamar kibiya, ta shige birni kafin ƙofa ta faɗo. Ke ce mai yi mana ruwan mai daga sama, ko? Mun gode, mun yi laushi!"

Ran Tabawa ya ɓaci. Ta cika hannu da ƙwara ta jefe shi. Ba ta same shi ba, amma sai ta ji wani abu: tana tafiya. Baya take yi, a hankali kamar hawainiya, kuma ba ta tsaya ba. Ta sake jifa, tafiyar ta ƙaru kaɗan.

"Af!" in ji ta. "Ashe abin da na tura gaba, shi ma turo ni yake yi baya."

Nan da nan ta zauna ta ba birni baya, ta shiga jifa da iyakar ƙarfinta. Kowace jifa sai ta ƙara mata gudu, abin da ta samu kuma ba ya raguwa, don babu abin da zai rage shi. Da ta ga ƙwara ba ta da nauyi, sai ta ɗauki dutsen fashin nan da hannu biyu ta wurga. Wannan kam ya aika ta sosai, har iska tana kaɗa mata ɗankwali.

Tsirit yana bin ta ta sama, daga saiwa zuwa saiwa. "Madalla, uwar jifa! To da me za ki tsaya?"

Tabawa ta duba ƙwarya, ba ko ƙwara ɗaya. Da ta rage wani abu da ta jefa shi wajen birni ta rage gudu, amma sauri ya sa ta zubar da duka. Ta waiwaya ke nan ta ga wani baƙin tudu a gabanta. Tim! Ta yi karo da shi, goshinta ya kumbura nan take, ta yi baya za ta koma inda ta fito, Allah ya taimake ta ta cafki wani abu kamar igiya. Ashe gemu ne.

Tudun ya buɗe ido. Wani ƙaton aljani ne zaune a bakin ƙofa, ya rungume ginshiƙin ganuwa da hannu biyu. Karon da ya kusa sumar da ita, shi ko gezau bai yi ba.

Ya yi magana, ƙasa ta amsa. "Wace ce ta taɓa Jibgi, mai tsaron ƙofar Sarki Dungurum, ba ta yi sallama ba?"

Wannan karon Tabawa ta yi hankali. Ta durƙusa yadda santsi ya bar ta, ta ce, "Salamu alaikum, babban mai tsaro. Gafara nake nema. Ni ce Tabawa ta Tudun Ƙwara, 'yata na biyo. Ka buɗe mini ƙofa don girman wanda ya halicce ni ya halicce ka."

"Ya ke 'yar Adam, kin roƙa da abin da ba a ƙi. Amma dubi hannuwana. Tun da mai ya malale ƙasarmu nake riƙe da ginshiƙin nan. In na saki na motsa, wa zai tsayar da mai nauyi kamar ni? Ƙofar kuwa dutse ce, sama ake ɗaga ta. Itacen da ya tokare ta 'yarki ta yi gaba da shi, ƙofar ta faɗo."

Tabawa ta sa yatsu a ƙarƙashin ƙofa ta yunƙura, ko motsi. Ta zauna tana haki, sai ta tuna jigon da mahaifinta yake ban ruwa da shi a fadama, dogon itace a kan gwafa, yadda gefe ɗaya in ya sauka ɗaya yake tashi.

"Babban mai tsaro, ka ara mini babban yatsan ƙafarka."

"Yatsana? Tun da aka gina birnin nan ba a taɓa roƙona wannan ba. Ga shi."

Ta cusa kan taɓarya a ƙarƙashin ƙofa, ta ɗora tsakiyarta a kan yatsan, ta rataya a ɗaya gefen. Ƙofa ta yi mata banza. Tsirit ya ce daga sama, "A ƙara miki tuwo ne?" Ba ta kula shi ba. Ta ce wa Jibgi ya matsar da yatsan can kusa da ƙofa, dab da ita, yadda gefen da take riƙe zai yi tsawo. Ta sake ratayawa da duk nauyinta. Sai ga dutse yana ƙara, ƙiii, yana tashi. Gefenta ya sauka da yawa, ƙofa kuwa kaɗan ta ɗaga, amma kaɗan ɗin ya isa mutum ya shige a kwance.

"La'ila!" in ji Jibgi. "Mace kamar tsinke ta ɗaga abin da ni nake nishi kafin in ɗaga!"

"Ba ni ba ce, tsawon itacen ne. Danne shi da ɗaya ƙafar, kada ka saki."

Ta kwanta, ta ja gefen ƙofa, ta sulale ciki. Taɓarya ta zauna a nan, Tabawa ba ta shiga da komai ba sai ƙwaryar da ba komai.

Birnin nan, 'ya'yana, abin tausayi abin dariya. An ɗaɗɗaura igiyoyi daga gida zuwa gida, da su ake ja a yi tafiya. Tsofaffi an ɗaure su a turaku kamar awaki. Kowane murhu ya mutu, don tukunya ba ta zama a kai, ɗanyen gero suke tauna. Tabawa ta bi igiya, aljanu suna nuna ta da baki, har ta fito dandalin fada.

Nan ta ga Ladingo.

Dandalin faffaɗa ne, ba katanga, ko'ina ka bi gefensa rami ne wanda ba a taɓa jin ƙarar abin da ya faɗa ciki ba. A tsakiya akwai turken ƙarfe da zobe a kansa, an zura doguwar igiya, a ƙarshen igiyar kuma ga Ladingo a kan buzu, ta ƙanƙame da hannu biyu tana zagaya turken, zagaye bayan zagaye, dab da bakin rami. Dariya ta ƙare tuntuni.

"Inna! Hannuna ya gaji!"

"Riƙe, 'yar nan! Riƙe, ga ni!"

A ƙofar fada, Sarki Dungurum yana zaune, an ɗaure shi a ginshiƙi da rawaninsa. Dogo ne, idanunsa kamar garwashi, amma ga alama ya daɗe bai ci dafaffe ba. Tabawa ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ce mai zuba ruwan. Ku yi mini abin da kuka ga dama, amma yarinya ba ta san komai ba."

Sarki ya ce, "Ya ke Tabawa, mun aika miki da ɗan santsi ne ki ɗanɗani abin da muke ci shekara da shekaru. Ke muka nufa, 'yarki ta riga ki. Ba mu da gaba da yara. Matata ce ta jefa mata igiya da ta ga ta nufi rami. Amma tsayar da ita ya gagare mu, gama a ƙasar nan yanzu abin da ya tsaya ba ya tashi sai an tura shi, abin da ya tashi kuma ba ya tsayawa sai an tare shi. In kin tsayar da ita, taki ce, ku tafi. In ta saki igiya, miƙewa za ta yi sak inda ta sa gaba, ba lanƙwasa, kin kuwa ga abin da yake gaban."

Tabawa ta ce, "A ba ni igiya in shiga gabanta in tare ta da ƙirjina."

Tsirit, wanda ya biyo ta har nan, ya ce, "Taɓa goshinki tukuna, uwar jifa. Ke babba kin ji yadda karo yake, balle ita."

Ta taɓa ƙulun nan, ta fasa. Sai ta ce a kai ta turken tsakiya. Aka jefa igiya aka jawo ta, ta ɗaure kanta da gyale a jikin turke, ta kama igiyar Ladingo ta fara jawowa ta cikin zobe, wai ta kawo ta kusa. Ai kuwa yarinya tana matsowa gudu yana ƙaruwa, zagayen ya zama kamar na mazari, igiya tana neman ƙwacewa daga hannun su biyun.

"Inna, bari! Zan saki!"

Tabawa ta sassauta da sauri, yarinya ta koma nesa, gudun ya koma yadda yake. Uwa ta jingina da turke. Tare ba ta yi ba, ja bai yi ba. Idonta ya faɗa kan ƙwaryar da take rataye da ita, daga nan ya wuce kan wani mataccen murhu a bakin fada, toka ta taru a ciki fari fat.

Wayyo, Tabawa! Abin da take yi kullum a madafinta! In mai ya zube a ƙasa, me take watsawa don kada ta zame? Toka da yashi.

Ta ɗaga murya. "Allah ya ba ka nasara, a tara mini tokar garin nan duka! Da yashin da yake cikin bangon gidajenku, a kankaro!"

Sarki ya yi umarni. Birni ya ɗauka. Aljanu suka jeru a jikin igiyoyi suna miƙa wa juna ƙore da akusa, na toka da na yashi, har zuwa turke. Wani ƙaton dogari, don son a yabe shi, ya ɗauko masaki guda zai juye a wuri ɗaya kan hanyar yarinya.

"Kai, tsaya!" in ji Tabawa. "In ka tara shi tudu, buzu ne zai tsaya, ita ta wuce! Kaɗan-kaɗan, kamar ana barbaɗa gishiri a miya."

Ta cika ƙwaryarta, ta jira yarinya ta wuce, ta watsa siriri a bayanta. Kowace watsawa sai ta ji an tura ta baya, amma gyale ya riƙe ta a turke. Ladingo ta zagayo ta hau kan tokar, sai aka ji wata ƙara da aka manta da ita a birnin nan: shuuu. Ƙarar abu yana gogar ƙasa. Wata tsohuwar aljana ta fashe da kuka don daɗi.

Aljanu suka ga yadda take yi, suka kama. Toka ta yi ta sauka, yashi ya bi baya, kowane zagaye ya fi na baya kauri kaɗan. Shuuu ta koma ƙurrr. Igiyar da take miƙe kamar tsirkiya ta fara yin ciki.

"Inna, buzun ya yi zafi!"

"Bar shi ya yi, uwata! Ƙasa ce ta kama shi, gudun ne yake fita ta nan!"

Buzu ya yi ta ja da ƙyar, kamar jakin da ya gaji, ya wuce ƙofar fada, ya ƙara ɗan gaba, ya tsaya cik. Yarinya ta duba hagu ta duba dama, ba ta yarda ba. Tabawa ta kwance gyale, ta sa ƙafa a kan toka, ƙafa ta zauna. Ta sa ɗaya ƙafar. Sai ta ruga, gudu na gaske, ƙasa tana riƙe ta tana tura ta, ta je ta ɓamɓare yatsun yarinya daga igiya ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauke ta ta goya, ko da yake ta wuce goyo.

Guɗa ta tashi har saiwoyin sama suna rawa. Sarki Dungurum ya kwance rawaninsa daga ginshiƙi, ya naɗa a inda ake naɗa rawani, ya miƙe tsaye. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, sai ga Sarki guda yana tsalle kamar ɗan maraƙi, fadawa suna kawar da kai don kunya.

Tabawa ba ta tafi ba sai da ta bi birnin lungu-lungu tana nuna musu yadda ake cuɗa toka da yashi a goge maiƙo. A ranar aka ɗora tukunya a kowane murhu, ta kuwa zauna. Da suka iso ƙofa, aka barbaɗa wa Jibgi yashi a ƙarƙashi, ya saki ginshiƙi, hannuwansa sun ƙage a lanƙwashe kamar mai rungumar wani.

Sarki ya ce, "Ya ke Tabawa, kin ɓata, kin gyara. Mun janye santsinmu daga gidanki. Abin da muke nema kawai, ki riƙa yi mana magana kafin ki zuba. Yanzu faɗi abin da kike so."

"Ranka ya daɗe, taɓaryata, da hanyar gida."

Hanyar gida kuwa sama take, abin da ya gangaro ba ya hawa da kansa. Jibgi ya ce a bar masa, ai ya koyi sana'a. Ya tumɓuko wata doguwar giginya ta ƙasarsu, ya gicciya ta a kan ganuwa, ya zaunar da uwa da 'ya a gefe ɗaya, ya ja da baya zai yi tsalle ya faɗa a ɗaya gefen.

"A'a, a'a, babban mai tsaro!" in ji Tabawa. "Gida na ce, ba wata ba! Danna a hankali!"

Ya danna da tafin hannu sannu-sannu, giginya ta yi ta tashi da su, suka wuce saiwoyi, Tsirit yana ihu yana cewa a gai da akuya, har suka kai bakin kogo suka fito cikin hasken rana. Ga turmi nan ya tokare a gindin kaɗanya, ga akuya tana cin ganye, ga Gwaggo Yalwa tsaye ta riƙe baki.

"Tabawa! Daga ina? Me ya sami goshinki?"

"Gwaggo, akwai mutane a ciki. Kuma sun yi tari."

Tun daga ranar Tabawa ta haƙa raminta nesa da kaɗanya, ta ajiye tulin toka kusa da shi. Taɓaryar nan tana nan a zuriyarta, da ɗan lotsawa a inda ta hau yatsan Jibgi. In ta gama dafa kaɗe ta ɗauko ruwan ƙarshe, duk saurinta sai ta tsaya, ta bar shi ya huce, ta ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Bismillahi, gafara dai mutanen ɓoye!"

Ladingo kuwa ta rantse, har ta tsufa tana rantsuwa, cewa in ka kasa kunne sosai za ka ji wata 'yar murya daga ƙasa tana cewa, "An gafarta, uwar jifa. Zuba."

Nan na sauke ta. Wanda ya ce ƙarya ce, ga toka ga man kaɗe, ya je ya gwada.